Neman shawara: In sayi sabuwar manhajar chess ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Tarauni, da yamma kuma ina koya wa ɗalibai wasan chess. Ina da Stockfish, manhajar da ke buga chess tana kuma nazarin wasa, a kwamfutata, ina biyan kuɗin wata a shafin buga wasa na Chess.com, amma da zarar na ji an fitar da sabuwar manhaja sai raina ya biya. Yanzu Fritz ta kamfanin ChessBase ce ta tsaya min a rai, har ina tunanin zuwa kasuwar waya ta Farm Centre in canza waya mai ƙarfi. Ina matuƙar jin daɗin ganin na'ura ta tono dabarar da ban taɓa hangowa ba. Sai dai da kuɗin waje ake biya, ga halin da ake ciki. Anya wasana zai ƙaru kuwa?

Baban Ummi, Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Riƙe kuɗinka. Tun 1997 wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta doke Kasparov, zakaran duniya na lokacin, kuma Stockfish ɗin da ke hannunka ta fi ta nesa ba kusa ba. A makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi, mafi yawan da Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, ya samu 2882 ne, a 2014, Stockfish kuwa ta haura 3500 a gwajin da ake yi tsakanin kwamfutoci. Tsohuwa da sabuwa duk babu ɗan Adam ɗin da zai ja da su. In ma sabuwar Stockfish kake so, kyauta ake sauke ta.

Maman Sadiƙ, Gyaɗi-Gyaɗi:
Ban yarda a ce kayan ChessBase ba su da amfani ba. Taskar wasanninsu miliyoyi ce, mai shirin gasa zai binciko yadda abokin karawarsa ke buɗe wasa. Amma Malam, kai yara kake koyarwa. Na'ura za ta ce doki ya koma can, ba za ta zauna da yaro ta fahimtar da shi dalili ba. Ɗana ya haddace motsinta, ranar da aka kauce masa daga abin da ya haddace sai ya rasa abin yi. Ka sa su rubuta wasansu, ku bi shi tare, su faɗi inda suke ganin suka yi kuskure, sannan a kunna ta ta tabbatar. A nan ne ake ƙaruwa.

Ɗan Kurna:
Yallaɓai kar ka canza waya saboda wannan. Dogon lissafi yana zafafa waya, yana cinye caji, ga wuta ba kullum ba. Manhajar buga chess ta Lichess kyauta ce, ba talla, kuma Stockfish ce a cikinta. Yara nawa ke rububin allon chess ɗaya a ajinka? Kuɗin nan zai sayo alluna da dama.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Allunan sun yi mana kaɗan, wasu sai dai su tsaya kallo. Wa ya san shagon da zan samu masu naɗewa a Kasuwar Sabon Gari, da agogon gasa ko guda ɗaya ne?