Neman kalma: me za mu kira "yacht", me za mu kira "quille"?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Wata 'yar matsala ce ta kawo ni. Ƙanena yana aiki a Faransa, yankin Vande, a wata masana'antar da ke ƙera jiragen ruwan nan da Turawa ke kira "yacht". Duk wanda ya zo gaishe da Inna ya tambayi sana'ar yaron, sai ta ce kwale-kwale yake sassaƙa wa Nasara. Jiya ya turo hoton cikin guda ɗaya mai tsawon mita 12: ɗakin kwana uku, banɗaki biyu, madafa har da firji. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ai gida ne aka ɗora a kan ruwa. Ba kwale-kwale ba ne, kuma "jirgin ruwa" ya yi faɗi da yawa, tunda daga na fito a Binuwai har na dakon kaya a Duwala duk sunansu ke nan.

Ta biyu ta fi ba ni wahala. A ƙarƙashin jirgin akwai wani ƙaton ƙarfe mai kamar fiffiken kifi, yana nutse kusan mita 2 a ruwa, Faransawa na ce masa "quille". Na rasa yadda zan faɗa mata shi da Hausa.

Malamin makaranta, Marwa:
Wa alaikumus salam. Asalin kalmar daga Holanci take, "jacht", wato farauta, don da irin waɗannan jirage masu sauri ake bin 'yan fashin teku. A 1660 mutanen Holan suka ba Sarkin Ingila Charles na Biyu kyautar guda, daga nan ta zama abin wasan sarakai. Ni dai "jirgin alfarma" nake ji a rediyo, kuma ban ga laifinsa ba.

Ɗan Garwa:
Allah gafarta Malam, alfarmar ce ban yarda da ita ba. Waɗanda ƙanena ke yi ba na sarakai ba ne. Kamar bulo ake buga su: mazubi ɗaya, a shimfiɗa zaren gilashi, a shafe shi da ƙaro, ya bushe a ciro gangar jirgi, gobe a sake wata. Kayan katakon ciki kuwa a gefe ake harhaɗa su, a sauke su ciki kafin a rufe da bene. Kamfanoni irin su Bénéteau da Jeanneau a Faransa, da Bavaria da Hanse a Jamus, haka suke fitar da su da yawa, kuma da dama kamfanonin haya ne ke saye, iyali su kama na mako guda su dawo da shi. Motar haya ai ba a ce mata motar alfarma.

Wani daga Kusiri:
To a ce jirgin iska mana, tunda iska ke tura shi.

Malamin makaranta, Marwa:
Ka ce wa Inna ɗanta jirgin iska yake ƙerawa, ka ga ko ba za ta aika a yi masa rubutun sha ba. Wasu kuma za su ɗauka jirgin sama kake nufi.

'Yar Injamena:
Yayyena, kun tsallake ta tana gabanku. Jirgin shan iska. Idan mutum ya fita yawo ba don neman komai ba, shan iska muke cewa ya tafi, kuma wannan shi ne kaɗai aikin jirgin: ba ya su, ba ya fito, ba ya dako. Sannan ga shi da gaske iskar yake sha da ƙaton ƙyallen da ake baza masa a sama. Idan ana son bambancewa sai a ce mai ƙyalle ko mai inji. Na san wasu za su ce wa ƙyallen filafili, amma a bakin Shari idan ka ce filafili abin tuƙa kwale-kwale za a miƙo maka.

Af, kafin in manta, kada wani ya ce mu mutanen tudu ne, babu ruwanmu da zancen teku. A 1969 da Bature ɗan Norway Thor Heyerdahl ya so ƙetare Atlantika da jirgin ciyawa mai suna Ra, Buduman Tafkin Chadi ya ɗauka suka ɗaure masa shi a Masar, aka tashi daga Safi ta Maroko, da Bachade guda a cikin matuƙan. Bai ƙarasa ba, amma ya ci dubban kilomita kafin ya saki.

Ɗan Garwa:
Ƙanwata, wannan ta zauna daram. Saura ƙarfen ƙasa.

Malamin makaranta, Marwa:
Ƙashin baya nake gani. A jiragen katako na dā, gungumen da ake fara shimfiɗawa daga goshi zuwa wutsiya, a kafa haƙarƙari a kansa, shi ne "quille" ɗin.

Baba masunci, Lagdo (jikansa ke rubuta masa):
Ɗana na Garwa, kafin a raɗa suna a faɗa mini aikin abin. Me yake yi a can ƙasa?

Ɗan Garwa:
Baba, barka da hutawa. Na tambayi yaron. Ya ce aiki biyu ne. Na farko, iska idan ta cika ƙyallen daga gefe, so take ta kwantar da jirgin, to nauyin da ke rataye a ƙasa shi ke tayar da shi. Jirgin da ya kai tan 8, ƙarfen nan kaɗai yakan haura tan 2. Na biyu, faɗinsa ke hana jirgin zamewa gefe, shi ya sa yake iya tafiya a karkace yana nufar wajen da iskar ke fitowa. Kuma a jiragen masana'anta ba cikin gangar yake ba, daga waje ake liƙa shi, a ɗaure da manyan ƙusoshi masu noti.

Baba masunci, Lagdo:
To Malam, ka yi haƙuri, wannan ba ƙashin baya ba ne. Ƙashin baya ba a kwance shi da sifana. Wannan dalma ce. Duk wanda ya taɓa shirya raga ya sani: abin da ke yawo a sama, dalma a gindi. Dalmar ce ke sa raga ta tsaya a tsaye cikin ruwa kamar danga. Ranar da ta tsinke, ragar sai ta taso ta kwanta a saman ruwa, ka kwana kana jira ko tarwaɗa ɗaya ba za ka gani ba. Ina da shekaru da yawa a dam ɗin nan tun bayan da aka tare ruwan a 1982, ban taɓa ganin irin jirgin ɗan'uwanka ba, kuma ba zan gani ba, don mai gindin mita 2 ko a Tafkin Chadi sai ya kafe a laka. Amma abin da ka kwatanta na san shi. Ku ce dalmar jirgi.

Wani daga Kusiri:
Baba, da gyara kaɗan. Yawancin na masana'anta baƙin ƙarfe ake zubawa don ya fi araha. Masu tsada ne ake yi wa da dalma ta gaske, tunda ta fi nauyi a ƙaramin jiki.

Baba masunci, Lagdo:
Yanzu ƙarfe nawa a wayarka? Wane ƙarfen aka buga?

Malamin makaranta, Marwa:
Na sallama, ranka ya daɗe. Har ma na ga wani amfaninta: mai jin "dalmar jirgi" ya san abu ne da aka ɗaura, kuma abin da aka ɗaura yana iya ɓallewa. Ya taɓa faruwa. A watan Mayun 2014 wani jirgin shan iska mai suna Cheeki Rafiki yana komawa Ingila daga Antigwa, dalmarsa ta cire a tsakiyar Atlantika, ya kife, mutum huɗu suka tafi ba a ga gawarsu ba. Masu bincike sun nuna cewa jirgin ya taɓa dukan ƙasa a baya. Sai dai zan riƙe ƙashin bayana ga jiragen katako, a nan ba wanda zai ƙwace mini.

Ɗan Garwa:
Abin da yaron ke yawan ƙorafi a kai ke nan. Ya ce masu saye sun fi duba faɗin gado da launin katako, a wajen baje koli inda jirgi ke tsaye cik. Sai a yi falo wangameme, babu abin kamawa daga wannan bango zuwa wancan, ga kusurwar tebur mai kaifi. Ranar da ya fara fita teku da irinsa, igiyar ruwa ɗaya ta wurga shi ya bugi haƙarƙari. Wani tsohon matuƙi ya ce masa idan ya shiga jirgi ya fara ɗaga katakon daɓe ya duba notocin dalma, ko akwai tsatsa ko tsaga, sannan ya duba ko hannunsa na samun abin riƙo a kowane taku, ko tebur na da leɓen da zai tare kwano. Murhun ma a rataye yake, jirgi ya karkace tukunya na nan a miƙe.

'Yar Injamena:
Wannan kam murhun lilo ne, ba sai an yi taro ba.

Ɗan Garwa:
Na karanta wa Inna duka bayan la'asar. Dalmar ta gane ta nan take, don mahaifinta ma ya yi su. Da na ce jirgin shan iska sai ta yi shiru, can ta ce in tambaye shi, shi yaushe za a ba shi hutu ya zo ya sha tasa a gida. Yaron kuma ya turo wata: allon da ke bayan jirgi cikin ruwa, wanda ake juya shi da sitiyari, Faransawa na ce masa "safran". Baba, muna jiranka.

Jikan Baba:
Ya sauka bakin ruwa duba raga. Sai bayan magariba.