Wa ya karanta tarihin Marie Curie?

Ɗaliba:
Salam 'yan uwa, na fara wani littafi kan rayuwar masaniyar kimiyya Marie Curie, babi uku kawai na yi amma wallahi labarinta ya fi kimiyyar shiga kaina, da an zo bayanin radiyom, sinadarin da ita da mijinta suka gano, sai barci. In tsallake wajen ne?

Mai_Lissafi:
A'a ƙanwata kar ki tsallake, ai nan ne naman yake, ita da mijinta Pierre sun dafa tan-tan na dutsen pitchblende kafin su samu ɗan mitsitsin radiyom a 1902.

Yayarku:
Ni abin da ya girgiza ni, takardunta har yau a akwatin dalma ake ajiye su saboda tururin radiyom.

Ɗaliba:
Kai! To bari in koma babi na biyu.