Neman sunan Hausa ga abin da masu fatsa a Amurka ke kira "lure"

Malamai da ma'abota harshe, ina neman shawararku a kan wata kalma da ta hana ni ci gaba da rubutu game da gasar kamun kifin bas a tafkuna da kogunan Amurka. A manyan gasanninsu, irin su Bassmaster Classic da aka fara a 1971, an haramta saƙala tana ko ɗan kifi mai rai a ƙugiya. Abin da aka yarda da shi kaɗai shi ne wani abu da aka ƙera da roba, katako ko ƙarfe, wanda ake jefawa a ruwa ana janyowa har kifi ya ɗauka abinci ne ya kawo hari. Shi ne "lure".

Na ji ana cewa "tanar roba", amma wannan suna ya yi masa kaɗan, domin tanar robar iri ɗaya ce cikin iri da yawa. Akwai mai siffar ƙaramin kifi da ke nutsewa idan an ja shi, akwai mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya, akwai kuma mai tafiya a saman ruwa kamar kwaɗo. "Tarko" bai dace ba, tunda tarko ana ɗana shi ne a tafi a bar shi. "Abincin bogi" kuwa ya fi kama da hirar majalisa.

Shawarata ita ce "ruɗa-kifi", bisa ƙirar "ruɗa-kuyangi" da muka gada. Dalilina shi ne, abin ba ya kama komai da kansa. Hannun mai fatsa ne ke ba shi motsi, kuma a nan gwanintar take. Ɗan gasa yakan duba ko ruwan garau ne ko ya gurɓace, ya lura da zurfi da sanyi da inda ciyawa ta yi duhu, kafin ya zaɓi launi da nauyi da saurin ja. Galibi kifi biyar mafi nauyi ake auna wa kowa a rana, sannan a mayar da su ruwa da ransu, don haka kuskuren zaɓi na awa ɗaya yana iya jawo wa mutum faɗuwa.

Inda nake son jin ta bakinku shi ne jam'i. Ni dai na fi karkata ga barin kalmar yadda take, a ce "ruɗa-kifi uku", maimakon a tilasta mata wata siffa da kunne zai ƙi.