Tsofaffin sifanonin da na gada: in sayar wa ƴan gwangwan ko in ci gaba da aiki da su?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayenmu da yayyenmu makanikai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin gyaran mota tun zamanin da Fijo 404 ke yayi a Maraɗi, kuma da aka raba gado sai ƴan'uwa suka bar mini akwatin kayan aikinsa saboda ni ne nake gyaran babura. A ciki akwai sifanoni masu yawa, da filaya, da sukudireba mai ƙotar katako, da magagari. Wasu an rubuta musu Facom, wasu Gedore tare da W. Germany, wato Jamus ta Yamma, akwai Bahco guda ɗaya mai daidaita baki, sai kuma wasu da aka rubuta wa King Dick, waɗanda lambobinsu suka ɗaure mini kai, domin 1/4 W da 5/16 W da 3/8 W nake gani, kuma babu notin babur ɗin da suke kamawa daidai. Yawancinsu sun yi tsatsa. Wani ɗan gwangwan ya ce zai saye su a kan kilo, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin suna da sauran amfani, kuma ta yaya zan fitar da tsatsar ba tare da na lalata su ba?

Tsohon Makanike, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Kada ka kuskura ka ɗora waɗannan kaya a kan sikelin ɗan gwangwan, domin kuɗin ƙarfe kawai zai ba ka, alhali kuwa abin da ke da daraja a jikinsu shi ne yadda aka ƙera su da kuma daidaiton bakinsu.

Waɗanda suka ɗaure maka kai ba su da wani aibi, ma'auninsu ne daban. Harafin W yana nufin ma'aunin Whitworth, wanda wani injiniyan Ingila, Joseph Whitworth, ya tsara a 1841, kuma King Dick kamfanin birnin Birmingham ne. A wannan tsari lambar da ke jikin sifana kaurin sandar ƙusar take nunawa, ba faɗin kan noti ba, shi ya sa za ka ga an rubuta 1/4 amma bakin ya zarce milimita 13 da kaɗan, 5/16 kuma ya ɗan wuce 15, 3/8 yana daidai da 18. Wannan ɗan ƙarin shi ne haɗarin, saboda idan ka sa 1/4 W a kan noti mai lamba 13 zai shiga kamar ya kama, amma da ka danna da ƙarfi sai ya zame ya cinye kusurwoyin notin, daga nan kuma sai dai kurfi da guduma. Ina kyautata zaton mahaifinka ya taɓa tsofaffin Landiroba, don a giyabos da akasal ɗinsu ana samun irin waɗannan notuna.

Facom na Faransa da Gedore na Jamus kuwa da milimita suke, saboda haka yau ma za ka iya fara aiki da su. Sai dai ka lura cewa motocin Turai irin Fijo sun fi cin 13 da 17 da 19, su kuwa baburan Japan da na Sin da kake gyarawa 8 da 10 da 12 da 14 suka fi buƙata. Za ka tarar 13 da 17 na mahaifinka sun ci wuya, amma 12 da 14 suna nan kamar sababbi, kuma su ne za su yi maka aiki kullum.

Mai Injin Niƙa, Tibiri:

Baba ya gama magana a kan ma'auni. Abin da zan ƙara shi ne, masu W ɗin nan suna da masu nemansu har yanzu, domin tsofaffin injinan Lister na niƙa da na ban ruwa da su ake kwance su, kuma samunsu a kasuwa ya yi wuya ƙwarai. Idan ka tabbatar ba za ka yi aiki da su ba, ka nemi mai gyaran irin waɗannan injina ka sayar masa ko ku yi musaya.

Game da tsatsa, ƙanena, ka fara jiƙa su cikin gazuwal kwana biyu, sannan ka goge da buroshin waya. Wanda tsatsarsa ta yi kauri ka tsoma shi cikin ruwan tsamiya ko ruwan lemun tsami na dare ɗaya, ka ɗauraye da ruwa da sabulu, ka shanya a rana nan take, ka shafa masa mai tun kafin sabuwar tsatsa ta hau. Kada ka bar shi cikin ruwan tsami kwanaki, saboda bayan tsatsa ƙarfen zai koma ci. Babban abin da nake roƙonka shi ne kada ka kai su ga injin wasa wuƙa don su yi ƙyalli, domin dutsen yana cin bakin sifana, yana kuma share sunan da lambar.

Mai Shago, Babbar Kasuwa:

Ina sayar da kayan aiki sababbi da na hannu, kuma da izinin Baba zan ɗan saɓa. Ba kowane tsohon ƙarfe ne nagari ba, kuma ba kowane sabo ne na banza ba. Sifanar da aka shekara talatin ana zura mata bututu don ƙarin ƙarfi, ko ana dukanta da guduma, bakinta ya riga ya buɗe ko da Facom ce. Malam, ka sami sabon noti na kowace lamba ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta zauna daram ka ajiye, wadda take girgiza ka ware. Ka duba maƙogwaron bakin da kyau a cikin haske, a nan tsaga take farawa, kuma sifana mai tsaga tana iya karyewa ta fasa maka yatsu. Magagarin da haƙoransa suka mutu ba ya farfaɗowa, amma maƙera suna sonsa don ƙarfensa yana yin wuƙa mai kaifi.

Ga masu sha'awar saye kuma, jabu ya cika gari, har da masu ɗauke da manyan sunaye. Na asali rubutunsa a nutse yake ko a tashe cikin ƙarfen, haruffan a tsare, jikinsa siriri ne amma da nauyi, na jabu kuwa yakan yi kauri, farin fentinsa yana ɓarewa tun a makon farko.

Malamin Koyar da Sana'a, Unguwar Zariya:

Na daɗe ina tara irin waɗannan kaya ina nuna wa ɗalibai, saboda haka wannan tambaya ta faranta mini rai. Rubutun W. Germany shaida ce cewa an ƙera sifanar kafin haɗewar Jamus a 1990, ka ga ke nan ta haura shekara talatin ko da ita ce ƙaramar cikinsu. Gedore ƴan'uwa ne ƴan gidan Dowidat suka kafa shi a garin Remscheid a 1919, Facom kuma a 1918 aka kafa shi. Bahco ɗin da ka ambata daga Suwidin take, ƙasar Johan Petter Johansson wanda ya yi rajistar irin wannan sifana mai daidaita baki a 1892. Ka kwance ɗan dunƙulen da ke juya bakinta ka wanke ƙurar da ta daskare a ciki, kuma in za ka ja noti da ita ka matse bakin sosai, ka sa nauyin ya faɗa a kan muƙamuƙin da ba ya motsi.

Ban goyi bayan a rataye su a bango don ado kawai ba, domin sifanar da ake riƙewa kullum ba ta cika yin tsatsa ba. Wajen ajiya, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, musamman da damina lokacin da daɓe ke tsatso laima, ka shimfiɗa tsumma mai ɗan mai a ƙasansa, amma ba baƙin man da aka juye daga inji ba. Masu W kuma ka ɗaure su da waya wuri ɗaya, ka shafa musu jan fenti a tsakiya, don kada yaron shagonka ya ɗauki 1/4 W ya kai wa notin babur ɗin mutane.