Man haɗin da ƙanwata ke shafawa, ko shi ke kumbura mata ƙafa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya. An sa wa ƙanwata rana bayan Babbar Salla, tun daga nan ta fara shafa wani mai da take saya wajen wata mai haɗa kayan gyaran fata. A 'yar farar roba yake zuwa, ba suna, ba lambar NAFDAC, sai rubutun biro a murfi: "na dare". Ta yi fari kam, har ana tsokanarta wai amarya ta fara haske. Amma da safe idanunta a kumbure take tashi, da yamma takalmi ba ya shiga ƙafarta, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Ta ce fitsarinta yana kumfa. Barci ya ƙaurace mata, ga saurin fushi wanda ba halinta ba ne. Umma ta ce zullumin aure ne, maƙwabciyarmu kuwa ta ce makuri, wato zaiba, ake zubawa a irin wannan man. Da gaske ne? Kuma 'yata mai shekara 2 a gadon ƙanwar tawa take kwana, a jikinta take wuni. Ita ma akwai abin tsoro?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zullumin aure ba ya sa fitsari kumfa. Kumburin fuska da ƙafa tare da kumfar fitsari alama ce ta ƙoda na zubar da furotin, kuma makuri na daga cikin abubuwan da ke jawo haka. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, akwai wasu cututtukan da ke kawo irin wannan, amma don Allah ta daina shafawa yau, gobe ku tafi babban asibiti. A duba fitsari, hawan jini da aikin ƙoda. Ku tafi da robar, ku gaya wa likita gaskiya, domin da yawa suna ɓoye maganar man, a yi ta magani alhali suna ci gaba da shafawa.

Makuri yana hana fata yin melanin, sinadarin da ke ba ta launi, shi ya sa farin ke zuwa da sauri. Sai dai ba a fatar yake tsayawa ba, yana ratsawa cikin jini ya taru a ƙoda, ya taɓa jijiyoyi: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, ɓacin rai.

Maganar Ilham ita ta fi damuna. Man yana maƙalewa a tawul, zanin gado da matashin kai, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. A raba musu wurin kwana, a ware kayan, ita ma likita ya gan ta. Ki kuma tuna wa ƙanwarki cewa haihuwa ce a gabanta in sha Allah, makuri kuwa yana isa ga ɗan tayi, yana kuma bin nono.

Baban Sadik:
Allah ya ba ta lafiya. Ni a kantin magani nake aiki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan makuri kuma Najeriya ke ciki, ta hana kayan shafa da makurinsu ya wuce miligiram 1 a kilo, daga baya a 2023 aka amince a haramta zuba shi gaba ɗaya. A 2019 an kwantar da wata mata a Sakaramento ta Amurka ba ta san inda kanta yake ba, man da aka kawo mata daga Meziko ya ninka wancan ma'auni sau 12,000. Idan akwai takarda a jikin mai, ku duba kalmomin calomel, mercurous chloride, mercuric ko Hg. Na haɗi kuwa ba abin dubawa, ita kanta mai haɗawar sau da yawa ba ta san abin da ke cikin abin da ta saro ba.

Hajiya Mai Dilka:
Ranka ya daɗe, kada a haɗa mu duka a kwando ɗaya. Na daɗe ina gyaran amare da dilka, halawa, kurkum da lalle, fata ta yi santsi ta yi sheƙi, launinta na nan. Amma iyayen amare da kansu suke zuwa su ce mini a mako 2 suke so yarinya ta koma fara, in na ce ba na yi sai su wuce gaba. Maman Ilham, da Umma za ki fara zama, don in ba ta yarda ba yarinyar ba za ta ajiye robar nan ba.

Anti Nas:
Gaskiyarki, Hajiya. Na ƙara da wannan: sau da yawa man haɗi akwai sitiroid a ciki, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayin fata, in ta daina fuskar na iya yin ja, ta yi ƙuraje, ta fi da duhu na ɗan lokaci. A nan ne 'yan mata ke komawa ruwa, musamman ga biki ya matso. Ku nemi ganin likitan fata tun a zuwan farko, ya rubuta mata abin da za ta riƙa shafawa kafin fatar ta lafa.