Kurmin bayan unguwarmu: waya ko masu gadi?

Abban Sadiq: Salamu alaikum. A bayan unguwarmu nan Jos akwai ɗan kurmin bishiyoyin turare, irin waɗanda aka dasa a tsoffin filayen haƙar kuza. Tun bara ake sare su da daddare, ga masu zubar da shara, ga masu ɗibar ƙasa. Ƙungiyarmu ta tara naira dubu ɗari takwas, ranar Asabar za mu yanke shawara: mu ja waya mai ƙaya ko mu ɗauki masu gadi biyu? Filin na gwamnati ne, kuma katanga ta fi ƙarfinmu. Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba mu haske.

Ɗan Bukuru: Ku yi katanga kawai. Dajin Banco da ke cikin Abidjan tun 1953 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa, amma bai hana mutane cin bakinsa ba, sai da aka ja masa katangar siminti.

Abban Sadiq: Yaya, ai na ce ba mu da kuɗinta.

Malama Talatu: Na shiga dajin Karura a Nairobi lokacin wani kwas. Akwai shingen lantarki, ana biyan kuɗin shiga, amma abin da ya burge ni shi ne mutanen unguwannin da ke kewaye aka ɗauka gadi da dashe. Tun 2009 ƙungiyar mazauna da hukumar gandun daji suke gudanar da shi tare. Kafin nan maɓoyar ɓarayi ce. Kada a manta kuma, a 1999 sai da aka fasa wa Wangari Maathai, ƴar Kenya mai fafutukar kare muhalli, kai a wurin saboda masu son yanka fuloti.

Sarkin Shayi: Shingen lantarki a Jos? Da wace wutar? Akuya ma shanya za ta yi a kai.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, ka saurare ni. Mu mun yi. Mun yi karo-karo, har matan unguwa suka ba da kuɗin adashensu, muka kewaye wani kwari da waya, muka dasa kashu da mangwaro da darbejiya. Shekara huɗu ina ɗaukar jarka da kaina da rani. Waya dai cikin wata biyu aka kwance rabinta, ƴan jari-bola suka yi gaba da ita. Wannan bai dame ni ba. Wata safiya sai ga safiyo da mutanensa suna kafa duwatsun fuloti. Na je ofis sau bakwai, kullum oga ya fita. Na takwas aka nuna mini takarda mai hatimi, aka ce mu da muka yi dashe mu ne masu kutse. Ashe shingenmu ne ya nuna musu wurin ya gyaru. Yau gidaje ne a kai, mangwaro ɗaya ya rage a tsakar gidan wani, ina hango shi ta saman katanga. Mai gatari da dare yana bar maka kututture ya sake toho. Mai takarda ko saiwa ba ya bari.

Malama Talatu: Allah ya ba da lada, Baba. Amma kun sa hannu da hukuma kafin ku fara?

Baba Mai Ritaya: Ƴata, wanda ya je kwas ɗin mako biyu ba zai koya wa mai jarka ba.

Injiniya Farin Gada: Baba a yi haƙuri, tambayarta tana kan hanya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin birni a hannun gwamna, in ba a rubuce ba ba ku da komai. Abban Sadiq, ku nemi malamin daji da mai unguwa tukuna. Maigadi kuwa dubu talatin a wata za ku samu.

Ɗan Bukuru: Talatin? Namu hamsin muke ba shi, kuma ƙarfe goma ya yi barci.

Abban Sadiq: To wayar fa, nawa ne nadi ɗaya yanzu?

Sarkin Shayi: Ka tambayi ƴan jari-bolan unguwar Baba, za su yi maka sauƙi.

Maman Hanan: Duk kuna maganar shinge, ba wanda ya tambayi dalilin saran. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, ni tukunyar gas ɗina ta zama kujera a kicin. Matar da ke da yara shida a sanyin Jos ba ta da gas, me za ta dafa da shi? Buhun gawayi dubu bakwai na saya wancan makon.

Injiniya Farin Gada: An cuce ki Hajiya, dubu biyar ne.

Maman Hanan: Wane buhun? Wanda rabinsa gari ne da duwatsu a ƙasa? Ga tireloli cike da gawayi suna wucewa Kudu kullum, ba mai tare su, sai tsohuwa mai ɗaurin kirare.

Ɗan Bukuru: Wallahi nawa ma jiƙaƙƙe aka sayar mini. Wa ya san inda ake samun mai kyau a wajen Katako?