Ƙanena ya kafe Tupac yana raye, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne yake damuna. Tun da ya faɗa kallon bidiyoyin TikTok kan mawaƙan Amurka, ya kafe cewa Tupac bai mutu ba, yana ɓoye a Kuba. Gobe kuma sai ya ce abokan gabarsa a waƙa ne suka sa aka kashe shi. Yanzu shafi zai buɗe ya riƙa kama sunayen mutane yana cewa su ne makasa. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ce ni ce ban waye ba. Ya zan yi?

Tsohon mai sayar da kaset: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ce masa komai ƙarya ne, domin gabar ta faru da gaske. Tupac yana kamfanin waƙa na Death Row a yammacin Amurka, wani mawaƙi mai suna Biggie kuma yana kamfanin Bad Boy a New York. A da abokai ne, sai aka harbi Tupac a wani situdiyo a New York a 1994, ya zargi su Biggie da sanin abin, zumunci ya watse. Ranar 7 ga Satumba 1996, bayan damben Mike Tyson a Las Vegas, Tupac da mutanensa suka yi wa wani ɗan daba mai suna Orlando Anderson duka a otal ɗin MGM Grand. A daren aka harbe shi cikin mota, ya mutu ranar 13, yana da shekara 25. Wata shida bayan nan aka harbe Biggie a Los Angeles, har yau ba a hukunta kowa kan kisan Biggie ba. A 2023 aka kama Duane Davis, kawun Anderson, aka tuhume shi da kisan Tupac, ya musanta. Ki fara da wannan, zai saurare ki.

Wata malama: 'Yar uwa, ki tambaye shi a hankali: yana raye ne ko kashe shi aka yi? Biyun ba sa haɗuwa. Batun Kuba kuma daga Assata Shakur ya samo asali, wata 'yar gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka mai kusanci da gidan su Tupac, wadda ta samu mafaka a can. Waƙoƙin da aka yi ta fitarwa bayan mutuwarsa su suka ƙara wa jita-jitar wuta, alhali tun yana raye ya ɗauke su.

Wani ɗan uwa: Ni shafin ne ya fi tayar mini da hankali. Ɗora wa mutum kisa ba hujja ƙazafi ne, ko a Amurka yake. Ki karanta masa Suratul Hujurat aya ta 12.

Wata malama: Kada dai ki hana shi shafin, zai buɗe a ɓoye. Ki ce duk abin da zai saka ya fara nuna miki inda kotu ko 'yan sanda suka faɗe shi.